Wasiƙa daga Mumbai: yadda ake saye da adana tsofaffin kayan sinima

Assalamu alaikum 'yan'uwa,

Muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. Daga Mumbai muke rubuto muku, birnin da ake kira Bombay kafin 1995, a kan masu tara tsofaffin kayan sinima: fostoci, hotunan da ake liƙawa a zauren shiga, ƙananan littattafan waƙoƙi, tikiti, faifan garmaho, wani lokaci har da naɗin fim ɗin kansa. Wasu na ɗaukar abin a matsayin sha'awar masu kuɗi. A wannan birni ya wuce haka, domin sau da yawa takardar ce kaɗai shaidar da ta rage cewa an taɓa yin wani fim.

A ranar 7 ga Yuli 1896 aka fara haska fim a Indiya, a Otal ɗin Watson da ke unguwar Kala Ghoda, da fina-finan 'yan'uwan nan Faransawa, Lumière, kuɗin shiga rupi 1. A 1913 Dadasaheb Phalke ya fito da Raja Harishchandra, aka nuna wa jama'a a sinimar Coronation. A ranar 14 ga Maris 1931 kuma aka haska Alam Ara na Ardeshir Irani a sinimar Majestic, fim na farko mai magana a ƙasar. Yau babu kwafinsa ko ɗaya. Abin da ake da shi hotuna ne da tallace-tallacen jarida da fosta. Cikin fina-finai marasa magana fiye da 1,300 da aka yi a Indiya, waɗanda suka tsira ba su wuce 30 ba, wasunsu ma gutsure ne. Gobara ta ci nata rabon: a 2003 ta ƙone tarin tsofaffin naɗi a Pune, birnin da aka kafa ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a 1964, a 2017 kuma ta cinye tufafi da kayan tarihi a sutudiyon shirya fim na RK da ke unguwar Chembur a nan Mumbai.

Gidajen sinimar su ma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Regal ta 1933, Eros da Metro na 1938, da Liberty ta 1949 suna nan tsaye, amma an rarraba cikin Metro zuwa ƙananan ɗakunan kallo. Maratha Mandir, inda aka ƙaddamar da Mughal-e-Azam a 1960, tana aiki har yanzu. Minerva kuwa, wadda ta yi shekara biyar tana haska Sholay tun daga 1975, an rushe ta. Shi ya sa tikiti mai hatimin gidan sinima da kwanan wata, ko takardar talla mai ɗauke da lokutan kallo, yake da daraja a wurin mai bincike fiye da kyakkyawar fostar da ba a san daga ina ta fito ba. A ganinmu masu saye suna raina waɗannan ƙananan takardu, alhali su ne ke faɗa mana wane fim aka kalla a wace unguwa, kuma nawa aka biya.

Babbar kasuwar kayan ita ce Chor Bazaar, musamman layin Mutton Street. A nan ake samun na asali, a nan kuma ake samun jabu, sau da yawa a tari ɗaya. Fosta iri uku ce: ta fitowar farko, ta lokacin da aka sake haska fim ɗin bayan shekaru, da wadda aka buga kwanan nan don 'yan yawon buɗe ido. Ta biyun halas ce, tsohuwa ce, amma ba kuɗin ta farko ake biya ba.

Kada a je kasuwar ba tare da gilashin ƙara girma mai ninki 10 da ƙaramar tocila mai hasken UV (irin wanda ake gane jabun kuɗi da shi) da awon tela ba. Girman fosta da aka fi sani shi ne faɗin inci 30 da tsawon inci 40. A ɗora gilashin a kan fuskar jarumi. Tsohon bugun dutse, wato wanda ake zana hoton a kan dutse a buga shi a takarda, yana nuna ɗige-ɗige marasa tsari kamar an barbaɗa su, launi a kwance a kan launi, wani wurin ma ya ɗan zarce layinsa. Bugun inji da ya biyo baya yana nuna ɗigo a jere cikin tsari, masu haɗuwa kamar ƙananan furanni. Idan aka ga feshin tawada mai laushi sosai a kan takarda mai santsi, aikin kwamfuta ne. Akwai kuma wata alama da ke tona asirin jabu nan take: ana ganin layin ninki a hoton, amma in aka shafa da yatsa babu karaya, domin hoton tsohuwar fostar aka ɗauka har da ninkinta. Sai a haska tocilar a bayan takardar a wuri mai duhu. Takardar da aka yi bayan shekarun 1950 takan ƙunshi sinadarin ƙara fari, tana walƙiya da shuɗi. Fostar da aka ce ta 1940 ce, in ta yi wannan walƙiya, kada a saye ta. Rashin walƙiya dai bai isa hujja ba shi kaɗai.

Daga nan sai a karanta ƙananan rubutun da ke gefen ƙasa, inda sunan maɗaba'a da na mai rarraba fim suke. Indiya ta fara amfani da lambar gidan waya mai alƙaluma 6 ne a watan Agusta 1972, saboda haka adireshin da ke ɗauke da irin wannan lamba ba a buga shi kafin lokacin ba, komai tsufan fim ɗin. Idan an rubuta Mumbai da haruffan Turanci, to da alama bayan 1995 ne. A duba girman fuskoki ma: ɗan wasan da ya fito a ƙaramin matsayi amma ya shahara daga baya, masu sake haska fim sukan ƙara masa girma ya danne jarumin asali. Ninki na gaske ba aibi ba ne, a ninke ake tura fostoci gidajen sinima.

Bayan saye aikin yake farawa. An buga waɗannan takardu a kan takarda mai arha, don a manna a bango mako ɗaya ko biyu a yage. Akwai asid a jikinta, shi ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa. Ga daminar Mumbai daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da iska ke jiƙe sharkaf. Abin da takarda ke so shi ne laima tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, da zafin da bai wuce digiri 20 ba. Daga kashi 65 zuwa sama fumfuna ke tsirowa. Ƙaramin ma'aunin laima ba shi da tsada, kuma ya fi zato. Wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, ya zaɓi ɗakin da ke tsakiyar gida, nesa da bangon waje da banɗaki da rufin kwano, ya ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da ruwa. Sauyin yanayi na kwatsam ma yana da illa.

A kwance ake ajiye fosta, kowace a cikin rigar foliyesta ko tsakanin takardu marasa asid. A guji ledar PVC, tana fitar da maiƙo mai ɗauke tawada. Abubuwa uku sun fi gara ɓarna, kuma duk da kyakkyawar niyya ake yin su: salatif, wanda gam ɗinsa ke shiga takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa; liƙewa cikin leda da zafin inji, wanda ba a iya warwarewa; da gam ɗin kafinta. Gyaran da masana suka yarda da shi shi ne siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, domin ana iya cire shi da ɗan danshi. Babbar fosta mai yage-yage a kai wa ƙwararre ya shimfiɗa ta a kan takarda marar asid da ƙyallen auduga. Wadda ta daɗe a naɗe, kada a tilasta mata buɗewa. A sa ta a akwati mai murfi a kan raga, da jiƙaƙƙen tawul a ƙasa ba tare da sun taɓa juna ba, na 'yan sa'o'i, sannan a danne ta tsakanin takardun tsotse ruwa. In an ga ƙwari, a rufe takardar ruf a leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, a bar ta ta huce kwana ɗaya kafin a buɗe ledar. Littattafan waƙoƙi kuma, a cire ƙarfen ɗinkinsu idan ya fara tsatsa. Mai son rataye fosta ya rataye kwafi, domin hasken rana yana cinye ja da rawaya, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa.

Faifan garmaho mai juyi 78 a minti a tsaye ake jera shi. Kada a goge shi da wani abu mai sinadarin barasa, narkar da fuskarsa yake yi. Allurar ƙarfe kuma gefe ɗaya take yi a sauya.

Naɗin fim shi ne inda muke so ku fi yin hattara. Fim mai faɗin milimita 35 da aka yi har farkon shekarun 1950 na naitiret ne, wani sinadari mai saurin kama wuta. Idan ya kama wuta yana samar wa kansa iskar da zai ci, ruwa ba ya kashe shi, kuma wanda ya fara ruɓewa yana iya tashi da kansa a zafin da bai wuce digiri 40 da ɗoriya ba. Akan rubuta nau'insa a gefen zaren, amma rubutun kan bi kwafi daga wani fim zuwa wani, don haka ba a dogara da shi kaɗai. Naɗin da ya yi danƙo, ko kumfa, ko gari mai ruwan ƙasa, ba na ajiyewa a gida ba ne, ba a kuma shiga jirgi da shi. A tuntuɓi ma'ajiyar Pune ko gidauniyar Film Heritage Foundation da aka kafa a nan Mumbai a 2014. Na asitet da ya gaje shi ba ya tashi haka, amma yana da nasa ciwon: in an buɗe gwangwani aka ji warin ruwan khal, ya fara lalacewa, kuma tururinsa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. A ware shi, a sa a wuri mai sanyi. Kada a ɗora tsohon naɗi a majigi don a gani, ya riga ya tsuke, haƙoran injin za su yayyaga ramukan gefensa.

Mai shirin zuwa ya fara da gidan tarihin sinima na ƙasa da aka buɗe a 2019 a titin Pedder, ya saba wa idonsa da na asali kafin ya shiga kasuwa. Ya kuma san da dokar kayan tarihi ta 1972: ta hana fitar da abin da ya kai shekara 100 daga Indiya, takardu masu darajar tarihi kuma shekara 75. Kayan shekarun 1930 da 1940 suna iya faɗawa cikin wannan. A karɓi rasidi mai bayanin kaya da shekararsu, in akwai shakka a nemi takardar shaida daga hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar kafin ranar tafiya, don kada kwastan su riƙe kayan a filin jirgi.

Wassalam, naku a Mumbai.