Rahoton mako na biyar: furosesar da na so da wadda na saya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon haɗa kwamfutar gem. Kun ji ni shiru makonni biyu. Ban bar aikin ba, lissafi ne ya ɗaure ni. Inda na tsaya a rahoton baya shi ne: tsohuwar kwamfutar ofis da na saya gwanjo mai Core i5-4570, na sauya mata akwati da fawa (na'urar da ke ba ta wuta), na ɗora mata katin hoto RX 6600. Na ɗauka shi ke nan, sai jin daɗi. Sai ga gem yana gudu yana cijewa kamar babur ɗin da aka zuba wa gurɓataccen mai.

Kafin in zargi wani abu, na bi shawarar da ɗayanku ya ba ni, na saka MSI Afterburner da RivaTuner, na sa lambobin suna fitowa a kusurwar monita ina cikin wasa. Na buɗe Cyberpunk 2077, na shiga tsakiyar kasuwa inda mutane suka yi cincirindo. Ƙwayoyin furosesar huɗu, wato sassanta masu yin lissafi, duk sun manne a kashi 100, katin kuwa yana zaune yana hamma, ko kashi 70 bai kai ba. Furosesar nan ta 2013 ce, ƙwaya huɗu zare huɗu (zare shi ne layin aikin da take iya ɗauka a lokaci ɗaya), ta yi zamaninta.

Ga yadda na fahimtar da kaina abin. Ku ɗauki shagon tela ana gab da sallah. Mutum ɗaya na yanka, ɗaya na ɗinki. Furosesa ce mai yanka: ita ke lissafa inda kowane mutum yake a cikin gem, inda harsashi zai bi, abin da mota za ta yi idan ta daki bango. Kati shi ne mai ɗinki, shi ke zana hoton. In mai yanka na da nawa, keken ɗinki tsayawa zai yi komai tsadarsa. In kuma aka ce kowace riga sai an yi mata aiki mai nauyi a wuya, wato ka ɗaga kaifin hoton gem zuwa 1440p ko 4K, mai ɗinki ne zai koma baya, mai yanka ya tara yadi ya zauna shan iska. A shagona mai yanka ne matsalar.

Daga nan na faɗa kallon bidiyon masu gwaji, kuma kamar kowa na kamu da son Ryzen 7 7800X3D. Ba laifina ba ne, a jadawalin gwaje-gwajen da na kalla sandarta ce kullum a sama. Sirrinta ma'ajiyar kusa ce, wadda ake rubutawa L3, har megabait 96, alhali Ryzen 5 5600 na da 32. Kamar mai shayi ne da ya jera madara da sukari da ƙwai a kan teburinsa, da wanda sai ya ruga shago duk lokacin da aka ce a soya biyu. RAM shi ne shagon, kuma gem yawan aike gare shi.

Da na ɗauko biro sai son ya fara hucewa. An fito da ita a watan Afrilun 2023 a kan dala 449. Wannan kuɗin furosesar ce kaɗai a cikin kwali, ko fanka babu. Ba ta zama sai a soket ɗin AM5, wato mazaunin furosesa a kan bod (babban allon da ake jona komai a kai), shi kuma AM5 ba ya karɓar kowane RAM sai DDR5. Rasit huɗu ke nan: furosesa, bod, RAM, fanka. Mu da ke karɓar kuɗi a naira muna sayen kaya a dala, tun da dala ta haura 1,500 a farkon 2024, kowace dala goma abin a tsaya a yi tunani ce.

Abin da ya ƙarasa kashe maganar shi ne lokacin da na lura da katin da masu gwajin ke amfani da shi. RTX 4090 suka saka, katin da aka fito da shi a kan dala 1,599, sannan suka sauke gem zuwa 1080p. Da gangan suke yi, don kada kati ya riƙe kowa, bambancin furosesoshin ya fito fili. Gwajin gaskiya ne, amma ba gwajin ɗakina ba ne. Nawa katin an fito da shi a 2021 a kan dala 329, monitata kuma 1080p ce mai 75Hz, hoto 75 take iya nunawa a daƙiƙa. Kowane hoto yana da kusan milisakan 13 na a shirya shi. Furosesar da ke gamawa a cikin milisakan 9 da wadda ke gamawa a cikin 5, duk abu ɗaya idona zai gani. Masu buga Counter-Strike 2 ko Valorant da monita mai 240Hz, ku naku lissafin daban ne, milisakan huɗu da ɗoriya kawai gare ku, kuma a can ne X3D take cin kuɗinta. Ni mai EA Sports FC da GTA V da ɗan Cyberpunk na dare, me zan yi da ita?

Sai na dawo ƙasa, na rage zaɓi zuwa biyu, duka na 2022, duka ƙwaya shida zare 12: Core i5-12400F da Ryzen 5 5600. A gem kunnen doki suke, wannan ta ci nan waccan ta ci can. Kada wanda ya ja ku cikin rigimar Intel da AMD a wannan mataki, farashin bod ɗin da ka samu shi ne alƙali.

A gidan AMD akwai tarkon suna, kuma saura ƙiris ya kama ni. Wani mai shago ya miƙo min 5600G, ya ce ai ita ce 5600 da ƙari, tunda tana da nata hoton a ciki. Ƙarin gaskiya ne, amma abin da bai faɗa ba shi ne an rage mata L3 zuwa megabait 16. Ga wanda bai da kati tukuna, 5600G ceto ce, zai buga ƙananan gem har ya tara kuɗi. Ga mai kati, biyan kuɗin abin da ba zai yi amfani da shi ba ne, a kuma ƙwace masa rabin teburin mai shayi. Ita ma 5500 haka take, 16 ce. Sai 5600X, wadda ta fito a ƙarshen 2020 a kan dala 299. Ita 5600 mara X ta zo a kan 199. Bambancinsu a ƙololuwar gudu 4.6GHz da 4.4GHz ne. In mai shago ya ɗora maka kuɗi mai kauri saboda harafin X, yi masa sallama.

Na ɗauki 5600. Dalili na farko, na samu bod B450 gwanjo da sauƙi. Na biyu, fanka na zuwa a kwalinta. Na uku, ƙofa ba ta rufe ba: ranar da na samu kati babba, 5700X3D mai megabait 96 za ta zauna a wannan soket ɗin ba tare da na taɓa bod ko RAM ba. Na huɗu kuwa babu mai gwajin Turai da zai gaya muku shi. An rubuta mata wat 65. Core i9-14900K na iya jan wat 253 ita kaɗai. Wanda ke wasa a kan inbata ko ƙaramin janareta ya san abin da wannan ke nufi, balle a watan Afrilu a Kano da zafi ke wuce 40, ɗaki ya koma tanda. Masu neman manyan Intel na zubi na 13 da 14 a gwanjo kuma su tuna kamfanin da kansa ya amsa matsalar lalacewarsu a 2024 har ya ƙara musu garanti na shekara biyu. Wadda ta riga ta ji rauni, sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin bod, ba ya warkar da ita. Zubi na 12, irin su 12400F, ba ya cikin wannan.

Yanzu abin kunyar. Daren Juma'a na haɗa komai, na duba fil-fil ɗin furosesar da fitilar waya layi-layi, domin a AM4 a jikinta suke, ɗaya ya lanƙwashe an shiga uku. Na daidaita ƙaramin kusurwar zinaren, ta faɗa da kanta, na rufe. Na danna. Fankoki suka juya, fitila ta kama, monita baƙi ƙirin. Na zare RAM na mayar, na sauya waya, na cire batirin bod. Shiru. Na kwana ina lissafin wanda zan fara yi wa rashin mutunci tsakanin mai bod da mai furosesa.

Da safe na kai wa wani dattijo mai gyara. Ya juya bod ɗin, ya karanta takardar da ke liƙe, ya yi murmushi.

"Yaro, wa ya ce maka ya lalace?"

"Baba, ai ko hoto ba ya bayarwa."

"Ya girme ta ne, bai san ta ba. An ƙera shi kafin a haife ta."

B450 na 2018 ne, kuma sai an sabunta masa BIOS yake gane Ryzen 5000. Wasu bod ɗin na da maɓalli a baya da ke yin haka ba furosesa, nawa babu. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko tsohuwar Ryzen 3 2200G a naɗe cikin soso, ya saka, ya jona filashi. Kafin ya danna sai da ya mayar da wayar wutar kan UPS, ya ce in aka ɗauke wuta ana tsakiyar wannan, bod ɗin ya zama faranti. Na tsaya ina kallon sandar tana tafiya a hankali, ban yi numfashi mai kyau ba sai da ta cika. Duk wanda zai sayi B450, ya sa mai shago ya kunna shi da irin furosesar da zai saka, a gabansa.

Wani sakaci kuma: RAM ɗina biyu ne masu gigabait 8, DDR4-3200, na saka su a rami na biyu da na huɗu yadda ya dace. Kwana uku ina wasa kafin manhajar CPU-Z ta nuna min ashe a 2133 suke tafiya, ban kunna XMP ba, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa. Minti ɗaya ne a BIOS, kuma kyauta. Akwai asarar da na karɓa da sanina: RX 6600 layi takwas yake amfani da su, ramin kati na B450 kuma PCIe 3.0 ne, B550 ne ke ba da 4.0 mai saurin da ya fi. Ɗan ragin bai kai kuɗin da ke tsakanin bod ɗin biyu ba.

Na koma kasuwar nan ta Cyberpunk, wuri ɗaya, saiti ɗaya. Yanzu katin ne a 98 da 99, furosesar na yawo a wajen rabi. Matsakaicin FPS, wato yawan hoto a daƙiƙa, ya tashi, amma abin da hannu ya fi ji shi ne lambar kashi ɗaya na ƙasa, wadda ke nuna munanan lokutan. Cijewar nan ta juya kyamara ta tafi. Mai ɗinki ne yanzu ke gumi, kuma haka nake so, tunda shi na fi kashe wa kuɗi.

Saura fankar kwali. Tana aikinta, amma da rana tsaka tana kuka kamar injin markaɗe, kuma ƙura ta fara kwanciya a haƙoranta tun hunturu bai kankama ba. Mako mai zuwa zan gwada rage mata wuta ta Curve Optimizer in ga ko zafin zai sauka kafin in sayi wata. In na zo cire ta, an ja min kunne in fara ɗumama kwamfutar in murɗa a hankali, kada man da ke tsakanin fanka da furosesa ya fizgo furosesar daga soket. Wanda ya taɓa ɗora 5700X3D a kan B450 mai araha, ina son jin yadda bod ɗin ke yi da zafi a bazara.