Ta ina za ka karya ta?

Shekarar da na gama difloma a kwalejin fasaha ta Hassan Usman Katsina, kawuna ya haɗa ni da wani tsohon kanal da ya yi ritaya daga rundunar injiniyoyin soja. Ya samu 'yar kwangilar kwalbati a wani ƙauye kan hanyar Daura, yana neman yaron da zai tsaya masa a kan aiki. Baba Kanal muke ce masa. Ba shi da yawan magana, kuma in ya ce ƙarfe bakwai, to bakwai saura kwata motarsa tana gindin bedi.

A makarantar injiniyoyin soja ta Makurɗi ya yi horo. In hira ta yi daɗi bayan la'asar, sai ya kawo zancen gadar da wani Baturen Ingila, Donald Bailey, ya ƙirƙiro lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: gunduwoyin ƙarfe ne masu tsawon ƙafa 10, mutum shida ke ɗaukar guda, a harhaɗa su a wannan gaɓar a turo su zuwa waccan. Yakan yi tinƙaho da cewa Obasanjo ma nasu ne, injiniyan soja ne kafin ya hau mulki a 1976 da namu Shehu Musa 'Yar'aduwa a gefensa. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne, su gina gada da rusa ta a aji ɗaya aka koya musu.

Ban gane inda maganar ta dosa ba sai ranar da na gama ɗaure rodi. Kafinta ya buga katako tsaf, na lissafa kwaɓin kankare: kwanon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Na kira shi ya gani, ina jiran yabo. Ko kallon saman bai yi ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya gangara cikin busasshiyar koramar, ya tsaya ta inda ruwa zai fita.

"Samari, da kai ne abokin gaba, aka ba ka dare ɗaya, ta ina za ka karya ta?"

Na yi 'yar dariya, na nuna tsakiyar dakalin. Ya caka sandarsa a yashin da ke bakin kwalbatin, ta nutse kusan rabi.

"A nan ruwa ne abokin gabanka, shi kuwa ba ta sama yake bi ba. Zai kwashe yashin nan, ya rarake mata ƙarƙashi, ranar kasuwa ta zauna da mota a kanta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai zanen bai nuna komai a nan ba."

Ya ce mai zanen bai taɓa tsayawa a koramar nan da damina ba. Ya sa aka haƙa, aka zuba katangar da ta nutse cikin ƙasa a bakin mafitar, aka jera duwatsu da siminti a gabanta. Kwana uku aikin ya ƙara, kuɗin kuwa daga aljihunsa. A raina na ce tsohon nan asara yake so. Duk da haka wanda ya ga abin da ambaliya ta yi wa Jibiya a 2018 bai isa ya raina ruwan ƙasar nan ba.

Ba komai nasa na ɗauka ba. Ya taɓa sallamar wani magini mai iyali don ya makara sau biyu, har yau ina ganin ya zafafa. Lebura ba kurtu ba ne. Amma tambayar nan ta bi ni. Yanzu ko fandishon shago zan duba, sai na zagaya baya ina neman ta inda zan karya shi.

Cikin watan Agusta aka kwana ana tafka ruwa. Da asuba na hau babur na nufi ƙauyen, gabana yana faɗuwa. Na tarar ruwa ya ci yashin har gindin katangar nan, ya tsaya. Motar Baba Kanal tana gindin bedi, shi kuwa yana cikin taɓo da sandarsa.