Saita mazaunin madubin hangen taurari idan katanga ta tare Tauraron Arewa

'Yan'uwa masu koyo, ga matsalar: da Tauraron Arewa ake saita mazaunin madubi, wato abin da madubin ke juyawa a kai, domin ya riƙa bin taurari daidai. A Zariya Tauraron Arewa yana wajen digiri 11 ne kawai daga ƙasa, don haka katanga ko darbejiya ɗaya ta isa ta ɓoye shi, balle hazon hunturu. Aiki bai tsaya ba.

A fara da rana tsaka. A rataya igiya mai dutse a baki, a zana inuwarta a kan siminti daidai lokacin da rana ta raba tsakiya. Ba ƙarfe 12 ba ne a nan: wajen 12:13 ne a farkon Nuwamba, 12:43 a tsakiyar Fabrairu. Wannan layin shi ne kudu da arewa na gaskiya. A Afrilu da Agusta inuwar kan kusa ɓacewa, sai a haƙura. Kamfas kuwa, rodin da ke cikin dakali yana ruɗa shi.

A daidaita ƙafafun mazaunin su zauna lebur. Sandar juyawa, wato wadda ya kamata ta nuna wajen Tauraron Arewa, ta bi layin, a ɗaga ta zuwa digiri 11. A nan ƙarfen da ke daidaita nauyin madubin kan bugi ƙafar arewa, saboda sandar ta kwanta sosai. Ƙarin wuya tsakanin ƙafafu da mazauni shi ne maganinsa. Mayar da wannan ƙafar zuwa kudu ma yana yi, amma kayan na iya kifewa.

Da dare sai gyara na ƙarshe. A kunna injin bin taurari, a kama tauraro kusa da tsakiyar sama. Mintaka, ɗaya daga cikin taurari ukun nan da ke jere a gungun taurarin Oriyon, ya dace sarai. A ɗora shi kan zaren da ake gani a cikin gilashin da ake leƙawa, a jira minti biyar. In ya zame kudu, sandar ta yi gabas da yawa. In arewa, ta yi yamma. Notin gefe, mai karkata sandar gabas ko yamma, kawai za a taɓa, kaɗan-kaɗan. Zamewar gabas ko yamma ba ruwanmu da ita, ta inji ce.

Sai a koma kan tauraron gabas mai tsayin digiri 20 zuwa 25. Ya zame kudu, sandar ta yi ƙasa. Ya zame arewa, ta yi sama. In tauraron yamma aka samu, hukuncin ya juye.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gane arewa a cikin gilashi, tunda hoton a birkice yake. A ɗan tura bututun madubin zuwa arewa: gefen da sababbin taurari ke shigowa, nan ne arewa. Bayan gyaran tsayin sandar a sake dubawa da tauraron tsakiyar sama, sannan a yi wa gurbin ƙafafun alama da fenti.