Dare ɗaya a saman dutsen La Palma

Daga Santa Cruz de La Palma muka kama hanya da la'asar, ni da malamina. Titin sai murɗewa yake kamar macijin da aka taka, har na roƙi direba ya tsaya sau biyu saboda tashin zuciya. Can muka keta gajimare, muka bar shi a ƙarƙashinmu shimfiɗe kamar auduga. Mun iso cibiyar nazarin taurari ta Roque de los Muchachos, kusan mita 2,400 a saman teku, a tsibiran Kanari na ƙasar Sifen.

Abin da ya kawo mu shi ne garwashin da fashewar gamma ke bari, wato wata gagarumar fashewa a sararin samaniya mai fitar da haske mai ƙarfi da ake kira gamma, wanda ido ba ya gani. Fashewar kanta ba ta daɗewa, sau da yawa 'yan daƙiƙu ne. Amma abin da ta watso yana karo da iskar gas da ke kewaye, sai ya bar wani haske da ke dusashewa cikin sa'o'i da kwanaki. Wanda ya makara ya tarar da toka.

Malamina ya tsaya gaban ginin madubin hangen nesa na William Herschel, mai faɗin mita 4.2, ya ce, "Nan aka fara ɗaukar hoton garwashin a hasken da ido ke gani." Ranar 28 ga Fabrairun 1997 tauraron ɗan'adam BeppoSAX ya nuna inda wata fashewa ta auku. Kimanin sa'o'i 21 bayan haka, mutanen masanin taurari Jan van Paradijs suka ɗauki hoton wurin, suka sake ɗauka bayan mako guda da 'yan kai. Wani ɗigon haske da ke hoton farko ya dushe a na biyu. Ɗigon nan ya taimaka aka gane cewa daga can nesa, wajen gungun taurarinmu, waɗannan fashe-fashe suke zuwa.

Da dare sanyi ya sauko, muka zauna gaban kwamfuta muna jiran saƙon Swift, tauraron ɗan'adam da aka harba a 2004 don gadin irin wannan fashewa. Ba saƙo. Wajen ƙarfe biyu hazo ya taso, ƙurar Sahara da mutanen nan ke kira kalima. Na yi dariya ni kaɗai: na tsallake teku, ashe ƙurar hunturun gida ta biyo ni.

Saboda ƙurar aka rufe rufin ginin madubin. Malamina ya buɗe tsofaffin hotuna ya ce, "Zo ka koyi auna yadda garwashin yake mutuwa." A kansu asuba ta same mu.