Abin da wayar hannu ke iya faɗa game da raunin tunani a cutar sikizofireniya

Ko bayan magani ya kwantar da jin muryoyi da yawan zargi, mai cutar sikizofireniya, wani nau'in taɓin ƙwaƙwalwa, yakan ci gaba da fama da mantuwa, da kasa tattara hankali, da jinkirin fahimta. Su ne suka fi hana shi komawa kasuwa ko makaranta. Cikakken gwajin asibiti na auna kaifin tunani, irin wanda ake kira MATRICS, yakan ci awa ɗaya ko fiye, kuma halin rana ɗaya tak yake nunawa. Mara lafiyar da ya zo asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ranar ganin likita, sauran kwanakinsa a gida yake yin su, ba mai aunawa.

Nan waya ta shigo. Manhajoji irin Beiwe ta Jami'ar Harvard da mindLAMP ta Boston suna tattara bayanai iri biyu. Akwai wanda mutum ke bayarwa da kansa, kamar wasan taɓa lambobi bi da bi, inda ake lissafa daƙiƙoƙin da ke tsakanin taɓawa da taɓawa da yawan kuskure. Akwai kuma wanda waya ke ɗauka shiru: GPS mai nuna wurin da mutum yake, na'urar auna motsi, kunnawa da kashe allo. GPS ba a barinsa a kunne. Akan saita shi, misali, minti 1 a kunne, minti 10 a kashe, don kada ya cinye caji. Sai a ɗauki makonnin farko a matsayin ma'aunin mutumin, a riƙa kwatanta sabon sakamakonsa da nasa na farko, sannan a duba ko sakamakon ya yi daidai da gwajin asibiti.

Matsalar ita ce waya ba ta san dalili ba. An ɗauke wuta a Tudun Wada, an kai ta shagon caji ta yini, sai bayanai su nuna mutum bai motsa ba, alhali yana Kasuwar Barci. Ƙanensa ya ari wayar, an auna saurin yatsan wani. Da azumi kuwa, allo na kunnuwa ƙarfe 4 na asuba saboda sahur, manhaja ta ɗauka barci ne ya lalace. Wayoyi masu araha da yawa ma sukan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir.

Magani shi ma yana rikita lissafi. Haloperidol, ɗaya daga cikin magungunan cutar, na kawo sandarewa da karkarwar hannu, trihexyphenidyl da ake bayarwa don rage hakan yana taɓa ƙwaƙwalwar tuna abu. Dole a rubuta ranar da aka sauya kowane magani.

Sai batun izini. Wanda dama yake jin ana bibiyarsa, a zauna da shi a nuna masa abin da ake ɗauka da yadda zai kashe, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman.