Injin da ba ya shan mai, amma ya sha mana kai

Shekarar da muka fara, manoma talatin kacal muka bai wa injin, dukansu a yankin Kura da Garun Malam. Na san kowannensu da suna, na san gonarsa, wasu ma har gida na san su saboda yawan furar da ake aiko mini. Injin ban ruwa ne mai aiki da hasken rana: farantan sola biyu ko uku, ɗan akwatin da ke sarrafa wuta, sai famfo da tiyo. Ba fetur, ba baƙin mai, ba hayaƙi, ba wannan ƙarar da ke hana mutum jin kiran salla daga gari. Da rani ya ƙare babu wanda ya dawo da nasa, kuma kusan kowa ya biya abin da ke kansa. Muka rubuta haka a takarda, muka ƙawata ta da hotunan tumatir jajir, muka kai wa masu zuba jari. Lissafinmu a lokacin bai da wuya. Abin da ya yi wa mutum talatin zai yi wa dubu uku, ninkawa kawai za a yi.

Sai da muka fita daga inda aka san mu na gane cewa akwai wani kaya da ke cikin cinikin nan wanda ba mu taɓa sa masa kuɗi ba, wato ni da babur ɗina. A wancan rani na farko, injin wani na tsayawa zai yi mini filashin, kafin azahar ina gonarsa. Sau da yawa ba wata matsala ba ce: waya ta kwance, ko yashi ya toshe bakin tiyo, ko yara sun juya farantan sun ba rana baya. Minti goma na gyara, mu sha rake, in tafi. A takardar da muka kai wa masu kuɗi babu layin da ya ce "Injiniya yana zuwa kyauta duk lokacin da aka kira shi". Amma shi ne ya riƙe manoman nan talatin.

Da kuɗi suka shigo muka bazu. Muka shiga Jigawa ta wajen Auyo da Haɗeja, muka leƙa ƙasar Zazzau. Nan take nisa ya zama abokin gaba. Wani dattijo a fadamar Haɗeja, ranar da muka je tallar injin, ya zagaya shi sau biyu, ya shafa farantin da bayan hannu, sannan ya dube ni ya ce, "Yaro, na yarda injinka ba ya shan mai. To in ya kwanta ciwo, wa zai ba shi magani?" Na ce, "Baba, ai da wuya ya lalace." Ya yi murmushi irin na wanda ya ga jiya ya ga yau, ya ce nasa na fetur kullum cikin lalacewa yake, amma bai taɓa kwana biyu a kwance ba, domin bakanike yana bakin kasuwa, kayan gyara kuma ko mai shago a ƙauye yana da su. Bai saya ba. Na koma mota ina ce wa abokin aikina tsofaffi ba sa son canji. Yau in na tuna wannan magana tawa kunya nake ji.

Dattijon ya fi ni sanin tarihin abin. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injinan fetur da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi a Arewa, jigo ya fara ɓacewa daga bakin kogi. A cikin shekara talatin ɗin da suka biyo baya an samu bakanikai a kowane gari, an samu masu sayar da fulogi da roba da fanka, an samu masu ba da injin haya, an samu kasuwar na hannu inda mutum zai sayar da nasa in biki ko rashin lafiya ya taso. Mu muna tsammanin da fetur muke gasa. Ashe da duk wannan jama'a muke yi, kuma mu ba mu da ko ɗaya daga cikinsu. Tumatir in ya fara fure ya yi kwana uku ba ruwa a watan Fabrairu, furen zubewa yake. Manomin da ya jira mu daga Kano har kwana huɗu bai sake amsa sallamarmu ba, kuma duk garin sun ji dalili.

Sai kuma abin da ita kanta fadama ta koya mana game da injin, wanda ba ya cikin littafin da masu ƙera shi suka haɗo mana.

Noman rani da hunturu tare suke tafiya. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da aka fi bukatar ruwa, shi ne lokacin da hazo ke rufe rana, ƙura kuma ta kwanta a kan farantan kamar an barbaɗa gari. Ruwan da tiyo ke fitarwa sai ya ragu, manomi ya ce an sayar masa da jabu. Maganin rabin matsalar tsumma ne da ruwa kowace safiya, amma sai an tsaya an nuna wa mutum da hannu, kuma an nuna wa yaron da ke kwana a gonar, ba mai gonar da ya zo taro ba. Ga kuma lokaci. Manomi ya saba ya tashi injin fetur da asuba ko da yamma, cikin awa biyu ya cika kwamai, ya kashe, ya ɗora a babur ya kai wa ƙaninsa. Na sola ba ya samun ƙarfi sai hantsi ya ɗaga, ya yi ta zuba a hankali har la'asar. Jimillar ruwan yini ba laifi, amma yana cin yinin mutum, kuma ba ya aruwa cikin sauƙi. A ƙauye kuwa kayan da ba ya aruwa darajarsa rabi ce. Barin farantan a gona da dare kuma kyauta ce ga ɓarayi, don haka kullum sai an kwashe an kai gida, gilashi a kan amalanke a hanya mai gargada. Mun yi asarar farantai da yawa kafin wani mai walda ya haɗa mana firam mai naɗewa da hannun ɗauka. Wannan firam, wanda ba injiniya ne ya zana shi ba, ya fi duk wani gyara da muka yi wa injin amfani.

Babban kuskurenmu dai wurin gwajin ne. Kura da Garun Malam suna shan ruwan madatsar Tiga ta magudanan aikin noman rani na Kogin Kano, ruwa yana nan kusa, ɗagawa kaɗan ake yi. A fadamun da ake dogaro da rijiya, ruwan ƙasa yana ja da baya yayin da bazara ke matsowa. Famfon da ke zaune a sama yana zuƙo ruwa kuwa, ko wane kamfani ya ƙera shi, ba ya iya jawo shi daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas; wannan iyaka ce ta nauyin iska, ba ta ingancin ƙira ba. A watan Maris sai injin ya koma zuƙar iska da yashi, fanka ta cinye. Mun zaɓi wurin da ya fi ko'ina sauƙi muka yi gwaji, muka ɗauki sakamakon muka yi wa Arewa gaba ɗaya hukunci da shi.

Maganar kuɗi ta fi duk wannan zafi. Mun kwaikwayi tsarin M-KOPA na Kenya, wanda a farkon shekarun 2010 ya fara sayar da fitilun sola ana biya kaɗan-kaɗan ta waya, in mutum bai biya ba a rufe na'urar daga nesa har sai ya biya. Tsari ne mai kyau ga fitila. Gidan da aka rufe wa fitila zai kwana a duhu, gobe a nemo kuɗi a biya. Amma in ka rufe wa manomi famfo, shukar ce za ta mutu, kuma a cikin shukar nan kuɗinka yake. Sau ɗaya na danna wannan maɓalli a kan wani mai albasa da ya yi wata biyu bai biya ba. Ban sake ba. Shi ma ba ƙin biya ya yi ba, albashi ne ba ya ɗauka. Kuɗin manomin rani yana zuwa ne a dunƙule in ya kwashe amfani, kuma mai tumatir yana kwasa ne daidai lokacin da kowa ke kwasa, kwando ya yi arha a kasuwar Kwanar Gafan har wani ya gwammace ya bar shi a gona. Mai albasa da zai iya ajiyewa zuwa damina ya fi shi sarari. Daga baya muka daina tambayar mutum nawa zai iya biya a wata, muka koma tambayar me ya shuka da yaushe zai sayar.

Akwai kuma tambayar da ake yi mana a kowane taro, wadda da farko take ba ni dariya tunda injin ruwa muke sayarwa: "Malam, akwai ruwa a ciki?" Kuɗin ruwa suke nufi. Takardarmu ta farko ta rubuta bashi da kaso kaza bisa ɗari, kuma mutane da dama, har da masu hali, suka juya baya saboda gudun riba. Da muka mayar da ita ciniki, ga farashin hannu da hannu, ga farashin ajali tsayayye da ba ya ƙaruwa ko an yi jinkiri, sai limamin wani gari da kansa ya saya.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Wayoyinmu ba su huta ba. Waɗanda suka yi mana dariya a da suka zo suna nema. Muka ce kakarmu ta yanke saƙa. Amma a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Farantai da famfo daga China suke zuwa, da dala ake sayen su, bashin da ke hannun manoma kuwa da naira aka rubuta shi, a farashin bara, wannan tsayayyen farashi da nake alfahari da shi. Manomi ya cika alkawari ya biya har kobo na ƙarshe, amma kuɗin injin uku ba su sayo mana ɗaya da rabi ba. Shekarar da aka fi neman kayanmu ita ce shekarar da jarinmu ya fi zagwanyewa, kuma da mun fi haka girma da asarar ta fi haka.

A lokacin ne na fara duba yadda wasu suka yi, ba da idon mai neman abin kwaikwaya a takarda ba. Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014, ya fara ne da sayar da ƙananan taraktoci, daga baya ya bar wannan ya koma haɗa masu tarakta da manoma ta hannun wakilai da ke tara buƙatun ƙauye guda a kai musu tarakta lokaci ɗaya. Buhun PICS mai ciki uku na adana wake ba tare da magani ba, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a Afirka ta Yamma daga 2007, ya karɓu ne saboda an riƙa ɗaure shi a gaban jama'a a ƙauye, a dawo bayan watanni a kwance kowa ya ga waken ba ƙwaro, sannan aka bar shi a hannun 'yan kasuwar da dama su ke sayar da buhu. Gani ya kori ji, kuma mai shagon garinku ne ke sayarwa.

Ba zan ɓoye ba, ina da ƙorafi a kan masu ba da tallafi. Abin da suke ƙirgawa shi ne injin nawa aka raba, ba nawa ne ke aiki bayan rani biyu ba. Na shiga wani gari da wata ƙungiya ta raba irin namu kyauta, na tarar da famfo a ƙarƙashin gado, farantan kuma a kan rufin shago ana cajin waya naira hamsin-hamsin. Ban ga laifin mai shagon ba, ya samo wa kayan aikin da ya fi biyansa. Sai dai a wannan gari da maƙwabtansa ba mu sake sayar da ko ɗaya ba, kowa yana jiran rabon gaba.

Abin da muka yi daga ƙarshe ba ya kyau a hoto. Muka janye daga wurare masu nisa, muka tsaya a inda za mu iya tara injina da yawa kusa da juna. Muka daina shiga gari sai mun auna zurfin ruwansa a watan Afrilu. Muka nemi bakanikan injin fetur ɗin nan da muke ɗauka abokan hamayya, muka koya musu aikin, muka bar musu kayan gyara a shago su sayar su ci riba. Masu zuba jari ba su ji daɗi ba, domin adadin da muka yi alkawari ya ragu sosai, ɗaya daga cikinsu ma ya janye.

Ranin da ya wuce na bi ta shagon ɗaya daga cikin bakanikan. Na same shi zaune a kan benci ya buɗe akwatin sarrafa wutar, abin da muka ce kada kowa ya buɗe, yana gwada shi da mita, almajirinsa na riƙe masa tocila. Injin ma ba namu ba ne, na wani kamfani ne daban. Ya ɗago ya ce, "Oga, wannan fis ne kawai ya ƙone, amma irin naku ba ya shiga. In za ka Sabon Gari ka taho mini da guda goma." Na rubuta lambar a bayan hannuna.