Godiya ga gidajen da suka karɓi ɗalibanmu a Ranar Godiya

Assalamu alaikum. An gama bikin Thanksgiving, wato Ranar Godiya, kuma ɗalibanmu da ke karatu a jihar Mishigan ta Amurka duk sun koma makarantunsu lafiya, alhamdu lillahi. Masu gidajen da suka sauke su mun riga mun yi musu godiya da harshensu. Wannan na iyaye ne da 'yan uwa a gida, domin su san irin ɗawainiyar da aka yi da 'ya'yansu. An ce yaba kyauta tukuici.

Ranar tana faɗowa ne Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya mai da ita ta ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da ita a doka a 1941. Makarantu kan tashi har Lahadi, a kulle ɗakunan cin abinci, motocin haya su ragu, shaguna da yawa su rufe. Ɗalibin da ba shi da kowa sai ɗaki da sanyi.

Godiyarmu ta farko ga gidajen da suka kira mako biyu ko uku kafin ranar suna tambayar abin da baƙonsu ke ci da wanda ba ya ci. Talo-talo ne babban abincin ranar, kuma mai neman na halal dole ya yi oda da wuri, ko a garin Dearborn da ke kusa da Detroit inda mahauta Musulmi suke birjik, don yana ƙarewa. Wasu ɗaliban suna cin yankan Ahlul Kitabi, wasu ba sa ci. Ba mu yanke wa kowa hukunci ba, kowa ya faɗi nasa, aka kuma mutunta shi.

Talo-talon ma ba shi ne wurin tuntuɓe ba, mahaɗin ne. Haɗin burodi da albasa da ake cusa wa tsuntsun ciki sau da yawa da tsiren alade ake yin sa. Koren wake akan soya shi da yankakken naman alade. Romon da ake kaɗawa da fulawa a zuba a kan dakakken dankalin Turawa, wasu kan ɗiga masa giya. Ɓawon gashin kabewa na gargajiya da kitsen alade ake kwaɓa shi, farar alawar nan mai laushi da ake jerawa a kan dankalin Hausa kuma galibi jelatin ɗinta na alade ne. Matan da suka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, suka sa man shanu a madadin kitse, suka ware tukunya da cokalinta, wasu har da 'yar takarda a gaban kowane kwano, mun ga aikinku. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya sauya girkin da ya gada daga kakarsa saboda baƙon yini ɗaya.

Iyaye a gida za su ce gasa talo-talo ai ba wani abu ba ne. To, nan daskararre ake sayen sa, kamar dutse, mai kilo 7 kuwa, wanda zai ishi mutum 10 zuwa 12, sai ya yi kwana uku zuwa huɗu a firji kafin ya saki: kwana guda ga kowane kilo biyu. Ke nan tun Lahadi aka fara aikin Alhamis. A wani gida an manta sai Laraba, aka koma dabarar ruwan sanyi: a nutsar da shi cikin ledarsa, a riƙa sauya ruwa duk rabin awa, kusan awa takwas. Ba a barin sa a kan tebur ya narke da kansa, don bayansa zai ɗumama ƙwayoyin cuta su yaɗu alhali cikinsa ƙanƙara ce. Kafin a sa a oben sai an zura hannu ta gaba da ta baya an ciro wuya da ƙunshin hanta da ƙundu. Duk shekara sai an samu gidan da ya gasa da ƙunshin a ciki, bana ma an samu, aka yi dariya aka ci.

Ana gasawa a digiri 325 na ma'aunin Amurka, wato 163 a namu, kusan awa huɗu. Agogo ba ya yanke hukunci, ma'aunin zafi ne: a soka shi a kaurin cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, sai ya nuna 165, wato 74. Ƙirji ya fi cinya saurin nuna, shi ya sa yake bushewa ya zama kamar dusa in ba a rufe shi da takardar alminiyam ba bayan ya yi ja. In an fitar a bar shi ya huta minti 20 zuwa 30. Wanda ya yi gaggawar yanka, romon duk a faranti zai tsiyaye.

Muna godiya ga waɗanda suka tanadi wurin salla. A ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar a Detroit, La'asar tana shiga kafin uku, daidai lokacin da ake zama cin abinci. An ba da ɗaki, an killace karnuka, wani magidanci har ya duba alƙibla tun kafin baƙinsa su iso. Daga nan arewa maso gabas take, abin da ke ba sababbin zuwa mamaki. Ɗalibanmu Kirista su ma an kai masu so coci. Lokacin addu'ar tebur, inda wasu gidajen ke riƙe hannun juna, ba a tilasta wa kowa ba, haka kuma zagayen da kowa ke faɗin abin da yake godiya a kai.

Da wani ɗalibi ya tambayi asalin bikin, masu gidan ba su tsaya ga labarin cin abincin 1621 tsakanin baƙin Ingila da ƙabilar Wampanoag, 'yan asalin ƙasar, a garin Plymouth ba. Sun gaya masa cewa tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar ke taruwa a can a wannan rana suna makoki. Mun yaba da wannan gaskiyar.

Mu ma da namu laifin. In an ce ƙarfe biyu, biyun ake nufi, kuma akwai gidan da ya jira baƙonsa abinci na hucewa. Muna ba su haƙuri. Sai kawaici: an yi wa wasu tayin ƙari suka ce sun ƙoshi, suna jiran a sake tayi. Ba'amurke sau ɗaya yake tayi, in ka ce a'a ya yarda da kai. Masu zuwa baɗi su kiyaye. Miyar kiranberi kuma, wadda ake yi da wasu jajayen 'ya'yan itace, kada a guje ta, tsaminta kamar na zoɓo ne, ita ke tayar da naman.

Ga matanmu mazauna nan da suka aika tiren dafa-duka da kwalbar yaji zuwa gidaje, da 'yan uwa masu mota da suka yi jigila cikin duhu da sanyi alhali wasan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Detroit Lions ya cika gari, Allah Ya saka da alheri, Ya raya zuri'a.

Ɗaliban da aka ƙunsa wa ragowar abinci: in ya wuce awa biyu a waje kafin ya shiga firji, ko ya haura kwana huɗu a ciki, a zubar. Kwanukan kuma ba kyauta ba ne. A wanke a mayar kafin ƙarshen mako, da 'yar takardar godiya rubutun hannu a ciki.